Zauren Na'ura: Tsohuwar Na'urar Gem Za Ta Iya Zama Kwamfuta?

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon a kan abu ɗaya suke: na'urorin gem da ke jibge a ɗakuna da shaguna, da yadda za a ɗora musu Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta da kowa ke da izinin ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara yadda ya ga dama. Ana yi, an kuma daɗe ana yi. Sai dai kafin a ɗauki sukundireba, a fara sanin yawan RAM ɗin na'urar, da wutar da take sha, da lambar manhajar kamfani da ke kanta, domin su ne ke nuna ko aikin zai biya kuɗin sabulu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Xbox ta farko, baƙar nan mai koren tambari, yayana ne ya zo da ita daga Amurka ya bar min. An ce cikinta kwamfuta ce sak. Gaskiya ne? Ta ina zan fara? (Ɗalibi, Samaru, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka bai yi ƙari ba. Xbox ɗin da Microsoft ya fitar a 2001 tana da furosesa ta Intel, dangin Pentium III, mai gudun MHz 733, da RAM MB 64, da faifan ajiya GB 8 ko 10, da injin DVD, da ramin wayar intanet. Hatta ramuka huɗun da ake soka hannun gem, USB ne aka sauya musu baki. Shi ya sa tun 2002 masu Linux suka yi mata ca. A shekarar ne Andrew Huang, yana ɗalibi a MIT, ya kamo sirrin da na'urar ke tashi da shi ta hanyar ɗana tarko a layukan fanel ɗinta, Michael Robertson mai kamfanin Lindows kuma ya sa ladan dala 200,000 ga masu ƙoƙarin hawar da Linux a kanta.

Fara da wuta. Ta Amurka bolt 110 zuwa 120 kaɗai take ɗauka, tamu kuwa 230 ce, kuma akwatin wutar cikinta ba ya daidaita kansa kamar cajar laftof. Ka soka ta kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji, sai ƙauri. Karanta takardar da ke manne a ƙasanta, ka nemi taransfoma mai rage wuta ta wat 150 ko sama. In hoto ya fito fari da baƙi a tsohuwar talabijin, na'urar lafiya lau take, tsarin hoton Amurka ne na NTSC talabijin ɗin ba ta ganewa.

Sai buɗewa. Sukurori shida ne a ƙasa, masu kan tauraro, lambar T20: huɗu a ƙarƙashin robobin ƙafa, biyu a ƙarƙashin takardun manne. Na ciki T10 ne. Akwatin wutar a tsirara yake babu murfi, kuma manyan kafasitocinsa suna riƙe caji bayan an zare waya, don haka hannu ya yi nesa da ɓangaren. Abin da ka shiga nema yana ƙarƙashin injin DVD, kusa da ramukan hannun gem na ɗaya da na biyu: kafasitan agogo, mai rubutun 1F da 2.5V. A samfuri na 1.0 zuwa 1.5 yakan tsiyaye da shekaru, ruwan ya cinye siraran layukan da ke zuwa maɓallan gaba. Alamarsa, na'ura ta riƙa kunna kanta, ko ta ƙi mutuwa, ko tiren faifai ya yi ta fita da kansa. Narka dalmar ƙafafunsa biyu ka cire shi, ka wanke wurin da sifirit mai ƙarfi, kashi 90 ko fiye, da tsohon buroshin haƙori. Ba sai ka mayar da wani ba, agogo ne kawai zai riƙa mantuwa in an zare wuta. Banda samfuri na 1.6, wanda aka ƙera daga 2004: shi ba ya tashi sai da kafasitan, sauyawa ake yi. Ana gane shi da guntun hoto mai suna Xcalibur, waɗanda suka riga shi kuwa Conexant ko Focus ne rubuce a kansu.

Wayar USB kuwa da hannunka za ka haɗa. Yanke jelar tsohon hannun gem, za ka ga wayoyi biyar. Ja, fara, koriya da baƙa, kowace ta haɗu da mai kalarta a macen USB, rawayar a naɗe ta da salatif a bar ta. Ta nan filas da kibod da linzami za su shiga. Nemi tsohon filas ƙarami, GB 4 ko ƙasa, domin manyan na yanzu yawanci ba ta ganinsu, kuma wanda ta gani za ta share shi tas ta mayar tsarinta.

Buɗe makullin da kamfani ya sa don hana ɗora wata manhaja ba ya buƙatar soldarin. Tsohuwar hanya ita ce faifan asali na MechAssault ko Splinter Cell ko 007: Agent Under Fire, tare da fayil ɗin ajiyar wasa da aka shirya musamman, ana loda shi na'urar ta faɗa hannunka. Tun 2024 akwai ENDGAME, wadda filas kaɗai take buƙata. Da zarar ta buɗe, kafin komai, kwafe fayil ɗin eeprom.bin zuwa kwamfuta da wani wurin daban. Faifan ajiyar Xbox a kulle yake da mabuɗin da ke cikin wannan fayil. Faifan ya mutu ba ka da kwafi, shirya sabo ya zama doguwar wahala. Kuskure mai lamba 05 na nufin faifan ba a kulle yake ba, 06 ta kasa buɗe shi, 07 bai amsa a kan lokaci ba, wanda sau da yawa faffaɗar wayar IDE ce ta saki ko ta gaji.

Daga nan ka tashi Linux ta Xromwell, ƙaramar manhajar da ke tayar da shi. Cikin nau'o'in Linux da aka yi wa Xbox, X-DSL, mai nauyin MB 50 kacal, ya fi Xebian sauƙi ga mai farawa, kuma yana zama a fayil guda cikin yankin E na faifan ajiya ba tare da ya taɓa wasanninka ba. Ana iya ninka RAM zuwa MB 128 ta liƙa guntaye huɗu a guraben da kamfani ya bari fayau a fanel, amma kowanne ƙafa 100 gare shi, aikin gogaggen mai gyaran waya ne.

Kada ka sa rai da intanet irin na yau. Firefox na yanzu yana buƙatar umarnin SSE2 da wannan furosesa ba ta da shi, tsofaffin burauza kuma ba sa iya gaisawa da tsaron shafukan zamani. Rubutu a talabijin ta wayar rawaya dishi-dishi yake fita. Inda take da daɗi shi ne ka haɗa ta da rauta, ka shige ta da SSH, hanyar ba ta umarni daga nesa, daga waya ko laftof, ka koyi umarnin Linux, ka rubuta C, ka ga yadda kwamfuta ke tashi tun daga tushe. A wannan fannin malama ce ta gaske.

Tambaya: Na ji cewa sojojin Amurka sun haɗa babbar kwamfuta da PS3. Ina da guda uku da na daina sa wa yara a shago, biyu masu ƙiba, ɗaya siririya. Zan iya mayar da su na buga takardu da shiga intanet? (Mai gidan gem, Sabon Gari, Kano)

Amsa: Labarin gaskiya ne, Malam. A 2010 cibiyar binciken rundunar sojin saman Amurka da ke garin Rome a jihar New York ta haɗa PS3 guda 1,760 wuri ɗaya, aka sa mata suna Condor Cluster. Kafin su, a 2007, Gaurav Khanna na jami'ar Massachusetts Dartmouth ya jera guda 8 yana lissafin baƙaƙen ramukan sararin samaniya. Abin da ya ja su biyu ne. Sony faɗuwa yake yi a kan kowace na'ura don ya fanshe a cinikin wasanni: mai GB 60 dala 599 aka sayar da ita a 2006, alhali kamfanin iSuppli ya ƙiyasta kuɗin ƙera ta a wajen 840. Sannan furosesar Cell tana da ƙananan injinan lissafi da ake kira SPE, shida daga ciki Linux na iya sarrafawa, kuma a wancan zamani babu mai kamo su a farashin.

Matsalar ita ce aikinka ba irin nasu ba ne. Su lissafi ɗaya suke maimaitawa sau biliyoyi da manhajar da suka rubuta musamman don SPE. Buga takarda da burauza ba su san da zaman SPE ba, a kan babbar ƙwaƙwalwa guda za su hau, ita kuma ba ta da kuzari a irin wannan aiki. RAM ɗin MB 256 ne, abin da ke isa hannun Linux 200 da 'yan kai. Guntun hoto na RSX kuma Sony ya katange shi, don haka duk abin da ka gani a allo furosesa ce ke zana shi. Akwai dabarar ps3vram da ke aron ma'adanar hoton a matsayin wurin ratse idan RAM ya cika, tana rage nauyi, amma shafi biyu na intanet sun isa su durƙusar da ita.

In koyo kake so, ga yadda abin yake. Duba lambar manhaja a System Information. Mai ƙiba da ke kan 3.15 ko ƙasa tana da zaɓin Install Other OS na kamfani. Siririyar da ta fito a Satumba 2009 ba ta taɓa samunsa ba, masu ƙibar ma an ƙwace musu shi da sabuntawa ta 3.21 ranar 1 ga Afrilu 2010, 'yan watanni bayan George Hotz, wani gwanin kutse, ya shiga na'urar ta wannan ƙofa. Masu na'urori suka kai ƙara a Amurka, aka ja har 2018 kafin a daidaita a kan dala miliyan 3.75, kowa ya tashi da wajen dala 10.

Idan ka yi sa'ar 3.15, kwashe abin da ke faifan, domin matakin farko share shi ne. A Format Utility zaɓi Custom, ka ba ɗaya ɓangaren GB 10, ɗayan ya ɗauki saura. A filas mai tsarin FAT32 buɗe jaka PS3, cikinta jaka otheros, cikinta fayil otheros.bld, wanda shi ne petitboot, mai tayar da Linux. Girka shi, ka sauya Default System zuwa Other OS. Komawa gem kuwa, rubuta ps3-boot-game-os, ko ka danne maɓallin kunnawa wajen daƙiƙa biyar har ka ji ƙara ta biyu. Mutane da yawa sun ɗauka na'urarsu ta mutu a nan, alhali wannan dannawar ce kawai ba su sani ba.

Tunda a shago suka yi aiki, da wuya ba a sabunta su ba. To sai manhajar da masu gyara suka sauya, mai ɗauke da OtherOS++, wanda ke dawo da damar ɗora Linux. Duk masu ƙiba suna karɓa, haka siririya ta CECH-20 da 21 da wasu daga cikin 25. Ƙaramar manhajar MinVerChk za ta nuna maka mafi ƙarancin lambar da na'urar ke ɗauka. In ta haura 3.56, bar ta. Kwafe ma'adanar filashinta kafin ka rubuta komai, kuma kada a yi wannan aiki a kan wutar NEPA tsura, sai da inbata ko UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu mutuwa ce murus. Wane Linux? Yellow Dog, wanda aka fi sani da ita, ya daɗe da tsayawa. T2 SDE da reshen ppc64 na Debian su ne masu sauran numfashi.

Lissafa wuta kuma. Masu ƙiba na farko suna shan wat 170 zuwa 200. Awa 8 a rana wajen yunit 43 ke nan a wata, a Band A da yunit ya haura naira 200 kuɗin ya wuce 8,000 a kan na'ura ɗaya. Ga zafi: a watan Afrilu, da ƙurar hunturu cunkushe a fanka, su ne masu mutuwa da rawayar fitila. Shawararmu, riƙe ɗaya don gwaji, ka buɗe ta ka busa ƙura ka sauya man sanyaya, ka sayar da biyu ka sayi laftof ta hannu don aikin takardu.

Tambaya: PS2 fa? Ita ce ta fi yawa a wajenmu. (Mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Ita ma Sony da kansa ya yi mata kayan Linux a 2002, dala 199: faifan ajiya GB 40, abin haɗa intanet, kibod, linzami, da wayar VGA wadda sai allon da ke karɓar siginar daidaitawa ta koren layi. Mai ƙiba kaɗai ke da gurbin faifan. A yau ana tayar da shi da memori mai FreeMcBoot, manhajar da ke buɗe na'urar, da manhajar kernelloader. Amma RAM MB 32 ne, USB ɗinta kuma 1.1, mai tafiyar hawainiya. Bar ta a kan ƙwallon da yara ke bugawa, ta fi kawo kuɗi a can.

Tambaya: Garinmu babu wutar gwamnati, sola muke amfani da ita, batir ɗaya na 100Ah. Ina da Wii fara da babu mai taɓawa. Ina son ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke raba wa wasu na'urori fayiloli, da za ta riƙe darussa a ɗakin karatunmu. Za ta iya? (Malama, ƙaramar hukumar Gumel)

Amsa: Malama, cikin duk wasiƙun nan ke ce na'urarki ta fi dacewa da buƙatarki. Wii wat 15 zuwa 20 take sha. Batirin bolt 12 mai 100Ah yana riƙe wajen wat-awa 1,200, rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko, wato 600. PS3 mai ƙiba za ta lashe wannan cikin awa 3, Wii kuwa za ta kai awa 30. Kuma bolt 12 take ci, amfiya 3.7 ne rubuce a cajarta, don haka ana iya tsallake inbata. Kada dai a haɗa ta da batir kai tsaye, domin lokacin caji yakan haura bolt 14. A sa ƙaramin mai daidaita wuta da ke fitar da 12 cif, da fis na amfiya 5, a kuma gwada wace waya ce mai wuta da mita kafin a soka.

Cikinta furosesar PowerPC ce mai MHz 729 da RAM MB 88. Ki tabbatar manhajarta 4.3 ce, ki lura da harafin da ke biye, U ko E ko J ko K, ki kwafo lambar MAC daga saitin intanet. Da su biyun ake haɗa LetterBomb, fayil ɗin da ke buɗe makullin Wii, a zuba a katin SD mai FAT32, GB 32 ko ƙasa. A allon saƙonni jar ambulan za ta bayyana. In ba ki gan ta ba, duba ranar jiya ko shekaranjiya, kuma kusan kullum kwanan watan na'urar ne ba daidai ba, saboda ƙaramin batirin agogonta, CR2032, ya mutu. Ambulan ɗin za ta buɗe manhajar girkawa ta HackMii, ki jira wajen daƙiƙa 30 ki danna 1, ki girka Homebrew Channel, inda ake tayar da manhajojin da ba na kamfani ba, da BootMii, mai kwafe ma'adanar na'urar.

Shiga BootMii nan take ki kwafe ma'adanar ciki. Rimot ba ya aiki a wurin, da maɓallin Power ake matsawa, da Reset ake zaɓa. Fayil biyu za su fito, nand.bin mai ɗan haura MB 500 da keys.bin. Na wannan Wii ɗin ne ita kaɗai, na wata ba ya yi mata, ki adana su a waje.

Ga tsarin da za ki ɗora, akwai Wii-Linux, amma mun fi karkata ga NetBSD, ɗan'uwan Linux a buɗaɗɗun manhajoji, wanda ya shigar da Wii a fitowarsa ta 10.1 a ƙarshen 2024. Fayil guda mai ɗauke da tsarin gaba ɗaya ake rubutawa a katin SD, a tashe shi daga Homebrew Channel, kuma yana zuwa da ƙaramar sabar shafuka a cikinsa. Wii ba ta da ramin wayar intanet, sai ki nemi na USB mai guntun ASIX AX88772, ki haɗa da rauta, ɗalibai su shiga da wayoyinsu. Takardun PDF, shafukan rubutu da karatun murya za ta raba su ba gardama. Bidiyo ga mutum goma a lokaci guda ya fi ƙarfinta. Katin SD kuma yana gajiya da yawan rubutu, saboda haka darussan su zauna a filas daban, ki ajiye katin ko-ta-kwana da aka riga aka shirya.

Tambaya: PS4 ɗina tana kan manhaja mai lamba 9.00, na bi duk matakai, ina tura Linux sai allo ya yi baƙi, fitila na ci. Sau ɗaya ya nuna rubutu ya tsaya a wani wuri wai rescueshell. Me na ɓata? (Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano)

Amsa: Injiniya, ba ka ɓata komai ba tukuna, cuta biyu ce daban-daban. PS4 ta yi kama da kwamfuta, ƙwaƙwalwar AMD Jaguar takwas da RAM GB 8, amma guntun da ke kula da USB da faifai da intanet na Sony ne, kuma iri uku ne: Aeolia a na farko, CUH-10 da 11, Belize daga CUH-12, Baikal a wasu sirara da Pro na baya-baya. Kowanne da zuciyar Linux da aka gina masa, wato fayil ɗin bzImage. Ka sa na Belize a kan Baikal, baƙin allo za ka samu. GoldHEN, manhajar da ake lodawa bayan an buɗe PS4, yana nuna sunan guntun a System Information, duba can kafin ka sauke fayil.

In bzImage daidai ne, to allon ne. Kafin ka tura Linux, sa hoton PS4 a 1080p da hannu, kada ka bar shi a Automatic, ka kashe HDR. Ƙananan talabijin masu 720p da masu sauya HDMI zuwa VGA su ne kan gaba a wannan matsala, domin bayanin da suke ba na'ura game da kansu ba ya cika. Gwada wani allon kafin ka sake fomatin.

Tsayawa a rescueshell kuwa albishir ne: zuciyar ta tashi, gidan da za ta shiga ne ba ta gani ba. Faifan waje yanki biyu yake so, ƙarami na FAT32 mai ɗauke da bzImage da initramfs.cpio.gz, ƙaramin tsarin da ke nemo gidan, da babba na ext4 mai tsarin gaba ɗaya. Yawancin initramfs suna neman babban yankin da laƙabin psxitarch, harafi ɗaya ya kuskure ba za su same shi ba. Wani lokaci kuma faifan ne bai gama farkawa ba, rubuta resume-boot sau ɗaya ko biyu ya wadatar. Yi amfani da SSD a akwatin USB 3.0. Filas ɗin kasuwa mai rubutun GB 64 alhali cikinsa 8 ne ya sha jawo wannan, girkawa ta yi nisa sannan ta watse.

Abu biyu na gaba. Fayil ɗin da ke tura Linux yana da nau'i-nau'i gwargwadon abin da za a yanka wa hoto. Na GB 1 ya ishi aikin ofis, saura ya zama na manhajoji. Sannan direbobin hoto na Mesa da ke cikin waɗannan tsaruka gyararru ne don PS4, in ka sabunta komai da komai ido rufe, na gama-gari za su hau kansu hoto ya lalace. Kulle su kafin sabuntawa. Ka kuma kashe saukar da sabuntawar Sony ta kai-tsaye, domin in ta hau sama babu saukowa ta manhaja. Na kan 11.00 suna da hanyar buɗewa ta PPPwn ta 2024, mai buƙatar wayar intanet zuwa wata kwamfutar.

Tun Disamba 2015 ƙungiyar fail0verflow ta nuna Linux a PS4, kuma cikin waɗannan na'urori PS4 ce ta fi kusa da kwamfutar aiki: LibreOffice da Firefox na zamani suna tafiya. Aibinta, buɗewar ba ta zama. Duk ɗaukewar wuta sai ka koma tsarin Sony, ya duba faifai, ka sake soka filas ɗin da ke buɗe 9.00, ka sake turawa.

Tambaya: Switch ɗina ta 2017 ce. Ance da ɗan ƙarfe ake buɗe ta. (Mai karatu, Kumasi)

Amsa: Haka ne. Ɓarakar tana cikin guntun Tegra X1 kansa, an bayyana ta a Afrilu 2018 da sunan Fusée Gelée, kuma sabuntawa ba ta toshe ta, sai da Nintendo ya sauya na'urorin da ya ƙera daga tsakiyar shekarar. Mai lamba XAW1 da ba ta kai XAW10074 ba tana buɗuwa. Ana haɗa fil na 10 a layin da hannun gem na dama ke shiga da ƙasa, wato GND, a danne ƙarin murya da maɓallin kunnawa, a tura hekate, manhajar da ke tayar da Linux, ta USB daga kwamfuta ko wayar Android. Sayi ɗan robar da aka yi don haka, kada ka lanƙwasa waya da ka, domin fil na 4 yana ɗauke da bolt 5, ya taɓa inda bai kamata ba fanel ya tafi. Hekate zai raba katin SD, L4T Ubuntu na Switchroot ya zauna a kai ba tare da taɓa ma'adanar ciki ba. RAM GB 4, batir a jiki, wuta ƙasa da wat 20, HDMI da USB a mazauninta. Katin ya zama na asali mai alamar U3. Lite da OLED sai an liƙa musu guntu da soldarin mai laushi ƙwarai.

Tambaya: Wannan aiki bai saɓa doka ba? (Mai karatu, Jos)

Amsa: Linux da NetBSD halal ɗinka ne, lasisinsu ya ba kowa. Inda ake samun magana shi ne karya makullin kamfani. Amurka tana da dokar DMCA ta 1998, da ita Sony ya kai George Hotz kotu a 2011 kafin su sasanta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta yi magana a kan tsallake matakan kariya. Wanda zai mayar da abin sana'a, musamman in zai haɗa da loda wasannin da ba a saya ba, ya ga lauya. Garanti kuwa ya tafi, kuma kamfani na iya korar na'urar daga dandalinsa na intanet.

Tambaya: Muna son kwamfuta goma don ɗalibai su saba da jarrabawar JAMB. Wani ya ce mu sayi tsofaffin na'urorin gem, sun fi araha. Me kuka gani? (Shugaban makarantar al'umma, Funtuwa)

Amsa: Ranka ya daɗe, kada ku saya. A 2003 ko 2007 shawarar tana da ƙafa, lokacin da kamfanoni ke sayar da ƙarfe ƙasa da kuɗinsa, kwamfuta kuma na tsada. Tun da Raspberry Pi ta fito a 2012 a kan dala 35, tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka kuma suka cika kasuwa, lissafin ya juye. Kowace na'urar gem sai kun saya mata allo, kibod, linzami da faifan waje, kuɗin ya kamo na laftof, tsugune ba ta ƙare ba. Xbox da PS3 da Wii ba za su buɗe manhajojin gwajin jarrabawa ba, domin yawancinsu na Windows ne ko na burauzar zamani, Chrome kuma ba a yin sa don PowerPC, Debian ma ya sauke tsohon PowerPC daga jerin manyan fitowarsa tun 2017. PS4 za ta buɗe burauzar, amma a ɗauke wuta sau uku a darasi ɗaya, malami zai ƙare a tayar da na'ura goma ɗaya bayan ɗaya.

Ku nemi laftof na hannu iri ɗaya, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, masu Core i5, RAM GB 8 da SSD GB 128. Iri ɗaya, don caja da batir da kibod su riƙa shiga juna, kuma a shirya ɗaya a kwafe ta a sauran. Kowace wat 20 zuwa 40 take sha, batirinta kuma shi ne UPS ɗinta. A wurin saye a gwada kowane maɓalli, a zare caja a ga ko za ta yi awa ɗaya, a shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirri a kai. Linux Mint mai Xfce yana tafiya sumul a kansu. In manhajar gwajin da kuka zaɓa ta Windows ce zalla, ku tambayi mai sayar da ita tun kafin ku share faifan.